Gwaji da maganin ƙanjamau ga matan da ke tsare: maganin ya yi, rufin asiri ne da saura

Hidimar da za mu auna a nan ita ce ta gwajin cutar ƙanjamau da ba da maganinta kyauta, kamar yadda take isa ga macen da ke tsare a gidan gyaran hali a jihar Kaduna. Ra'ayinmu shi ne kayan gwajin amintattu ne, maganin kuma ba a taɓa samun mai sauƙin sha kamarsa ba, amma hanyar da ake bi a kai su hannun mace tana yawan tona mata asiri. Tonon asirin nan ne yake sa mata da dama gudun abin da zai cece su.

Mata kusan kashi 2 cikin 100 ne kacal na mutanen da ke tsare a Najeriya, kuma ƙarancin nan nasu shi ne mafarin wahalarsu. Gidajen da aka ware wa mata zalla, irin na Kirikiri a Legas, ƙalilan ne. A sauran wurare wani sashe ake katange musu a cikin gidan maza, ɗakin shan magani kuma galibi guda ɗaya ne na kowa da kowa. Alhali kuwa cutar ta fi yawa a wajensu. Binciken da hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, NACA, da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, UNODC, suka yi a gidajen yarin ƙasar nan a 2018 ya sami ƙwayar cutar a jikin kashi 2.8 cikin 100 na fursunoni gaba ɗaya. Da aka ware mata sai adadin ya kai 6.9, na maza 2.7. A waje kuwa, babban binciken ƙasa na NAIIS na wannan shekarar ya nuna kashi 1.9 ne tsakanin mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Wato abin da ke cikin sashen mata ya ninka na waje sau uku har da ɗoriya. Akasarinsu da ita suka shigo, wasu sun sani, wasu ba su sani ba, kuma ba kaɗan ba ne a ɗakin aurensu suka same ta.

Da wuya a sami macen da ba ta taɓa jin sunan cutar ba, kuma yawanci sun san ana ɗaukarta ta saduwa da ta jini. Matsalar ita ce abin da aka ɗora a kan wannan sanin. Ana tsoron cizon sauro, ana tsoron cin abinci a kwano ɗaya, da bokitin wanka, da masai, da tabarmar kwana, alhali babu ɗaya daga cikinsu da ke yaɗa ta. Ana ɗauka rama ce alama, don haka mai ƙiba ta tsira, wadda zazzaɓi ko damuwa ta ramar kuma ta shiga bakin mutane. Wasu suna ganin sammu ne ko jifa daga kishiya, sai a nemi rubutu da jiƙe-jiƙe a bar asibiti. Akwai kuma masu cewa duk wadda ta fara shan magani kwananta ya ƙare, domin a da sai jiki ya gama lalacewa ake fara ba da shi. Sama da duka akwai kunya, don har yanzu ana kallonta a matsayin cutar 'yan iska.

Ya kamata mai ba da hidimar ya fahimci lissafin da matar ke yi in ta ce, “Malama nas, ki bar ni da abin da ya kawo ni, ba na son in sani.” Ba jahilci ba ne. Ta riga ta zubar da mutunci a idon dangi da shigowarta gidan. Sabulu da omo da audugar mata da ɗan garin kwaki duk daga hannun masu ziyara suke zuwa. In labari ya fita ya kai gidan miji, ana iya aiko mata da takardar saki, a raba ta da 'ya'yanta, ziyara ta yanke. A cikin ɗaki kuma a ware mata kofi, a tura shimfiɗarta bakin ƙofa, a daina yi mata kitso. Cutar da ba ta jin ciwonta yau ba ta kai wannan ban tsoro ba. Duk hidimar da ba ta amsa wannan lissafin ba, ko kayan aikinta sun kai na ko'ina kyau, ba za ta sami mata ba.

Shi kansa gwajin ba mu da ƙorafi a kansa. Nas za ta goge yatsa da auduga mai sifirit, ta bari ya bushe, ta soka da sabon tsinken allura, ta share ɗigon farko, ta ɗebi na biyu da siririn bututu ta ɗiga a kan tsinken gwaji mai suna Determine, sannan ta bi shi da ɗigo ɗaya na ruwan da ke tura jinin. Ana karantawa bayan minti 15, ba a wuce awa ɗaya. Jan layi a gurbin sama kaɗai yana nufin ba a ga alamar cutar ba. Layi biyu, ko da na ƙasan ya yi dishi-dishi, yana nufin sai an tabbatar. In na sama bai fito ba, tsinken bai yi aiki ba, a jefar a sake. A tsarin da aka daɗe ana bi a ƙasar nan, wani tsinken gwajin mai suna Uni-Gold ne ke tabbatarwa, ana karanta shi a minti 10, in biyun suka saɓa sai na uku, Stat-Pak, ya raba gardama. Ba a gaya wa mace tana da cutar da tsinke ɗaya, kuma ana sake gwada ta kafin a ɗora ta a kan magani.

Inda gwajin kan lalace hannu ne da ma'aji. Ana matse yatsa da ƙarfi har ruwan jiki ya sirka jinin. Ana karantawa a minti 5 saboda layi ya yi tsawo. Ruwan tura jini ya ƙare a ari na wani kamfani, ko a ɗiga ruwan allura, wanda ba ya halatta. Kayan ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, Kaduna kuwa a watan Maris da Afirilu tana haura 35, don haka kwalin da aka bari a kan tebur ƙarƙashin rufin kwano ba abin dogaro ba ne ko da kwanan watansa bai ƙare ba. Sai kuma abin da aka fi mantawa: wannan gwajin martanin da jiki ke mayar wa ƙwayar cutar yake gani, martanin kuwa yana iya ɗaukar har wata 3 kafin ya bayyana. Matar da aka gwada a makon shigowarta aka ce babu, tana buƙatar a sake bayan wata 3. In kuwa ta ce an yi mata fyaɗe, ko kafin kama ta ko a hannun masu tsaro, ba a jiran komai: akwai maganin kariya na kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72.

Dokoki ba su gaza ba. Ƙa'idojin Bangkok na kula da mata fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010 sun ce a yi wa mace tayin gwajin da nasiha kafinsa da bayansa, a tsare sirrin lafiyarta, kuma in ta nemi mace ce za ta duba ta a yi ƙoƙarin samar mata. Dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau ta 2014 ta hana bayyana sakamakon mutum ba da yardarsa ba. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ce a yi wa kowace mace gwajin ciki a ranar shigowa, ko kafin kwana 14 su cika. Wannan gwajin cikin shi ne ƙofa mafi kyau, domin kowa ana yi mata, babu wadda za a nuna da yatsa. A zama ɗaya za a iya yi mata tayin gwajin ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta.

To amma ga yadda asiri kan tonu ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Sashen mata ƙarami ne, kowa ta san takun kowa. Mata biyar suka tafi ɗakin magani, huɗu suka fito cikin minti 20, ta biyar ta yi kusan awa ta fito da jajayen idanu. Magana ta ƙare. Ko kuma gandirobar da ta rako ta tsaya a cikin ɗakin tana jin komai, alhali abin da ya dace ta tsaya inda za ta gani ba za ta ji ba. Washegari da safe a leƙo a kira sunan mutum biyu kawai a ce su zo shan magani, jibi ma su, gata ma su. Ko a ba ta kwalbarta ta tafi da ita ɗaki, da dare ta juya a shimfiɗa ƙwayoyin su yi kacau-kacau a cikin roba, maƙwabciyarta ta tambaya, “Yaya, maganin me kike sha kullum haka?” Daga nan wasu suke juye ƙwayoyin a leda ko su ƙulle a bakin zane, gumi da danshin damina su ɓata su, don kwalbar da ɗan ƙunshin da ke tsotse danshi a cikinta ba ado ba ne. Wasu kuma su watsa a masai su huta.

Gyaran wannan ba ya cin kuɗi, shi ya sa rashinsa yake mana ciwo. A ba kowace mace lokaci daidai a ɗakin gwaji, mai ita da marar ita. A haɗa gwajin da awon hawan jini da suga da zazzaɓin cizon sauro a rana ɗaya. A kira masu shan maganin yau da kullum gaba ɗaya, mai hawan jini da mai olsa da mai asma, a shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Fayil ya zauna a kulle a hannun ma'aikatan lafiya da lamba maimakon suna. A ganinmu ajiye kwalba a ɗakin magani ya fi ba da ita a tafi da ita, da sharaɗi ɗaya: dole a san wanda zai ba da maganin ranar Asabar da Lahadi da hutun salla da Kirsimeti, da kuma ranar zuwa kotu, da mota kan tashi da sassafe ta dawo da yamma. In ba a tsara wannan ba, gara matar ta riƙe kayanta.

Maganin da ake ba yawancin manya yanzu shi ne TLD, ƙwaya ɗaya a rana mai haɗe da tenofovir miligiram 300, lamivudine 300 da dolutegravir 50. Tun 2016 Najeriya ta koma tsarin fara magani da zarar an tabbatar da cutar, ba a jiran garkuwar jiki ta faɗi, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar dolutegravir ga kowa har da masu ciki da masu shekarun haihuwa. Ga wadda ke tsare, wannan ƙwaya ta dace ƙwarai. Ba ta buƙatar firji. Ana shan ta da abinci ko babu abinci, wanda ya kamata a nanata, domin mata da yawa sun yarda cewa maganin yana cin mai shansa in ba ya samun nama da madara, sai su ce za su fara in sun fita. Gaskiya ne ci yana buɗewa in jiki ya fara dawowa, kuma naira 1,125 da aka mayar da kuɗin ciyar da fursuna a rana a 2024, daga 750, ba ta isa mai shayarwa ba. Amma ƙarancin abinci ba dalilin jinkirta magani ba ne. Mai azumi kuma ba ta da matsala, ta mayar da shi lokacin buɗa-baki ko sahur ta tsaya a kan guda.

Tsoron da ake yi cewa maganin yana haukatarwa gadon efavirenz ne, maganin cikin tsohon haɗin da ke kawo jiri da munanan mafarkai. TLD yakan kawo ciwon kai ko tashin zuciya ko rashin barci a makonnin farko, in barcin ne sai a mayar da shan sa safe. Yana iya ƙara ƙiba, a riƙa duba suga, tenofovir kuma yana son a san lafiyar ƙoda. Wadda ta manta ta sha da zarar ta tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa, kuma ba a haɗa biyu.

Akwai kuskure biyu da ke rage ƙarfin maganin a ɓoye. Na farko ya fi shafar mata: maganin ƙarin jini, da ƙwayar kalsiyam, da farin ruwan maganin olsa, duk suna kama dolutegravir a cikin hanji su hana shi shiga jini. A sha TLD awa 2 kafinsu ko awa 6 bayansu. Mai ciki da aka miƙa wa jar ƙwayar ƙarin jini da TLD a tafin hannu ɗaya a kan cikin da babu komai an cuce ta ba da niyya ba. Na biyu tarin fuka ne. Maganinsa rifampicin yana sa hanta ta yi saurin ƙone dolutegravir, don haka ana ƙara wata ƙwayar dolutegravir zalla mai miligiram 50 bayan awa 12. Wannan ƙaramar ƙwaya ce kan yanke a ƙananan ɗakunan magani saboda ba a cika odarta ba.

Tarin fuka ma shi ne abin da ya cancanci tsoron da ake yi wa kofi da bokiti, don shi ne ke yawo a iskar ɗaki mai cunkoso da ƙaramar taga, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu ƙanjamau. Tambaya huɗu ake yi a kowane zuwa: tari, zazzaɓi, gumin dare, rama. In akwai ɗaya a kai majina na'urar gwajin tarin, GeneXpert, in babu a ba da maganin rigakafi, wanda aka fi sani shi ne isoniazid na wata 6 tare da bitamin B6. Jihar nan ce ke da cibiyar horarwa ta ƙasa a kan tarin fuka da kuturta a Saye, kusa da Zariya, saboda haka ba ilimin ne ya yi mana nisa ba. Abin da ke da haɗarin jini na gaske a ɗaki kuwa shi ne reza ɗaya ta yanke wa mutum biyar farce, da allurar huda kunne, da buroshin haƙori na aro, kuma ciwon hanta nau'in B ya fi ƙanjamau saurin bin wannan hanya.

Wajen mai ciki hidimar ta fi nuna amfaninta. In ba a yi komai ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 suna ɗauka daga uwa, in aka bi tsari adadin yana sauka ƙasa da 5. Uwa ta sha maganinta, a auna yawan ƙwayar cutar a jininta wajen mako na 32 zuwa 36, jariri ya fara ruwan maganin kariya, nevirapine, cikin awa 72 da haihuwa har mako 6. In uwar ta makara wajen fara magani, a haɗa masa da zidovudine a tsawaita. A mako na 6 a ɗigi jinin diddigensa a kan takarda a aika gwaji, a fara masa Septrin, maganin kare shi daga wasu cututtuka. Nono zalla wata 6, ba ruwa ba koko. Abin da kan faskara shi ne naƙudar dare: mota, mai, rakiya, izini, sannan a isa asibitin da bai san matsayinta ba, ita kuma ba za ta faɗa a gaban mai rakiya ba. Ya kamata kwalbar nevirapine da katinta su kasance cikin kayan haihuwarta tun wata na takwas. Gwajin sankarar bakin mahaifa, wadda haɗarinta ya ninka sau 6 ga mai ƙanjamau, shi ma na cikin haƙƙinta, amma da wuya a tuna da shi.

Awon yawan ƙwayar cuta ana yin sa a wata na 6, da na 12, sannan duk shekara. Ƙasa da 1,000 a kowace mililita ta jini maganin yana aiki, ƙasa da 200 ba ta sa wa miji ta saduwa. In ya haura 1,000, a zauna da ita wata 3 a gano abin da ke hana ta sha, a sake awo kafin a yi zancen canza magani. Wannan lamba ita ce ta fi kowace nasiha canza tunanin mace, domin ita ce ke gaya mata za ta iya aure, ta haihu, ta tsufa. Abin takaici sakamakon yakan daɗe a hanya, wani sa'in ya iso bayan mai shi ta bar gidan.

A nan ne muka fi rage wa hidimar maki. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan masu jiran shari'a ne, fitarsu ba ta da rana. Beli ya faɗo a kotu ta wuce gida daga can, ko babban jojin jiha ya zo rage cunkoso a sallame ta nan take, ko a sauya mata gida da asuba. Kwalba da fayil suna can a kulle. Cikin 'yan makonni ƙwayar cutar ta dawo da ƙarfinta, in kuma tana da ciwon hanta nau'in B, yanke tenofovir yana iya tayar da shi mummunan tashi. Ƙa'idojin Mandela na 2015, na Majalisar Ɗinkin Duniya a kan kula da fursunoni, sun ambaci ci gaban maganin ƙanjamau da tarin fuka da suna. Abin da ake buƙata takarda ce guda, a rubuta ta tun ranar fara magani, mai ɗauke da lambar majinyaciya, ranar farawa, sunan haɗin da sakamakon awo na ƙarshe, tare da maganin aƙalla wata ɗaya, gara ma kwalba mai ƙwaya 90. Tsaikon tallafin Amurka a Janairun 2025, wanda ya sa gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen maganin, ya taɓa irin ma'aikatan da ke bin sawun majinyata, don haka kada a dogara cewa wani zai biyo ta gida.

Wadda ta fita ba takarda kada ta zauna. Ana ba da maganin kyauta a manyan asibitocin gwamnati, a cikin gari akwai Barau Dikko, da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Gwamna Awan a Kakuri, a Zariya akwai asibitin koyarwa na Shika. Ta faɗi gaskiya cewa tana kan magani, kada ta je a matsayin sabuwa, domin ana ɗaukar zanen yatsa kuma tarihinta ne zai nuna haɗin da ya dace da ita. Ƙungiyoyin masu ɗauke da cutar, NEPWHAN da ta mata ASWHAN, suna da matan da suka bi hanyar nan, kuma maganarsu ta fi ta mai farar riga shiga.

Haka abin yake a ƙofar shiga. Matar da aka kama tana kan magani takan yi kwanaki a ofishin 'yan sanda ba ƙwaya, ta iso gidan ta yi shiru don kada a sani. In a cikin dangi akwai wanda ya san sirrinta, uwa ko 'yar'uwa ko miji, shi ne zai ɗauko kwalbar da katin asibiti a ziyarar farko, ya nemi ganin ma'aikaciyar lafiya ya damƙa mata hannu da hannu, kada ya bar su cikin ledar abinci a wurin bincike a bakin ƙofa.